Shin kartar tarot za ta iya nuna wanda ya kashe ɗan Fafaroma a 1497?

Ɗan'uwa, ka ce ka karanta labarin Juan Borgia, ɗan Fafaroma Alekzanda na 6, wanda aka tsamo gawarsa daga kogin Tiber a birnin Rum a 1497 kuma har yau ba a tabbatar da wanda ya kashe shi ba. Ka kuma ce ka ga wasu suna shimfiɗa kartar tarot, wato karta mai hotuna da masu duba suke amfani da ita, a kan irin waɗannan tsofaffin kashe-kashe, suna cewa su ba duba suke yi ba, tunani kawai suke zurfafawa, shi ne kake so ka san ko akwai wata fa'ida a cikin hakan ga mai son tarihi. Amsata ita ce katin da aka zaro bayan an cakuɗa karta ba ya ɗauke da labarin komai game da daren da aka yi kisan, kuma wanda ya ɗora masa wannan nauyi zai tashi da zaton da ya zauna da shi, sai dai ya ƙara ƙarfi a zuciyarsa. Amma kisan da ka zaɓa yana da wani abu da sauran ba su da shi, domin a Italiya aka ƙirƙiro tarot, a ƙarnin da aka yi kisan, kuma an san ta a gidajen dangin wasu daga cikin waɗanda aka zarga. Saboda haka hotunan da ke jikin katunan suna da abin da za su koya maka, muddin ka buɗe su ka dube su a matsayin kayan tarihi.

Dole mu fara da abin da aka rubuta, domin shi ne ma'aunin duk abin da zai biyo baya. Mafi yawan bayanin daren ya zo ne daga Johann Burchard, Bajamushen da ke kula da tsarin bukukuwan fadar Fafaroma, wanda ya saba rubuta abin da ya faru kowace rana, sai kuma wasiƙun jakadun da ke zaune a Rum. Ranar Laraba 14 ga Yuni, Juan da ɗan'uwansa Cesare, wanda a lokacin kadinal ne, wato ɗaya daga cikin manyan malaman Coci na kusa da Fafaroma, sun ci abincin dare wurin mahaifiyarsu Vannozza a gonarta ta inabi. Da dare ya yi suka hau dabbobinsu za su koma fada. Sun zo kusa da gidan Kadinal Ascanio Sforza sai Juan ya yi sallama da su, ya ce yana da inda zai biya. Bai tafi da kowa ba sai bara guda da wani mutum da ya rufe fuskarsa, wanda ya ɗauka a bayan alfadarinsa. Wannan mai rufaffiyar fuska ba baƙo ba ne a wurinsa, don an yi kusan wata guda ana ganinsa yana zuwa wurin Juan a fada. Da suka kai dandalin Yahudawa, Juan ya ce wa baran ya jira shi na awa guda, in bai dawo ba ya koma gida. Daga nan babu wanda ya sake bayar da shaidar ganinsa da rai. Shi kuma baran an same shi da munanan raunuka, ya mutu ba tare da an ji wani abu mai amfani daga bakinsa ba.

Washegari Fafaroma bai tayar da hankali da wuri ba, domin ya ɗauka ɗansa ya kwana wurin wata mace ne kuma yana jin kunyar fitowa da rana. Da yamma ta yi ba a ji ɗuriyarsa ba, aka kuma ga alfadarin yana yawo shi kaɗai an yanke masa likkafa ɗaya, sai aka baza mutane bincike. A nan ne aka samu shaida guda ɗaya tak da ya ga wani abu da idonsa, wani mai sayar da katako da ake kira Giorgio, wanda ya kwana cikin jirginsa a bakin kogi yana gadin kayansa. Ya ce da tsakar dare ya ga mutum biyu sun fito daga lungu, sun duba gabas da yamma, sun koma. Wasu biyu suka sake fitowa suka duba, suka yi ishara. Sai ga mahayi a kan farin doki, da gawa a gicciye bayansa, kai da hannuwa suna reto ta gefe guda, ƙafafu ta ɗaya gefen. Suka zo daidai inda ake zubar da sharar gari a cikin kogin, suka kama gawar suka wurga. Mahayin ya tambaya ko ta nutse, suka amsa masa da ladabin da ake yi wa ubangida cewa ta nutse. Da ya waiwaya ya ga wani baƙin abu yana yawo a kan ruwa, aka ce masa alkyabbar mamacin ce, sai suka yi ta jifanta da duwatsu har ta yi ƙasa. Da aka tambayi Giorgio dalilin da ya sa bai kai rahoto ba, ya ce a zamansa a wurin ya ga an jefa gawa wajen ɗari, kuma bai taɓa ganin wanda ya zo cigiyar ko ɗaya ba.

Ranar Juma'a 16 ga wata aka tara masunta da masu jirage kimanin 300 suka tsefe kogin, suka ciro shi. Yana sanye da tufafinsa cif, safar hannunsa na soke a ɗamara, jakar kuɗinsa na ɗauke da tsabar zinariya 30 ba a taɓa ba. An ƙirga raunuka 9 a jikinsa, ɗaya a maƙogwaro. A daren aka binne shi a cocin Santa Maria del Popolo. Mahaifinsa ya kulle kansa a ɗaki, ya yi kwanaki ba ci ba sha. Ranar 19 ga Yuni ya fito gaban majalisar kadinaloli ya ce da yana da kujerar Fafaroma bakwai da ya bayar da su duka a dawo masa da ɗansa, ya ce wannan horo ne daga Allah saboda zunubansa, ya kuma kafa kwamitin kadinaloli 6 don gyara Coci, gyaran da bai wuce takarda ba. Cikin makonni kaɗan sai aka dakatar da binciken, ba a gurfanar da kowa ba.

Kuɗin da aka bari a jikinsa sun kawar da batun fashi. Ladabin da aka yi wa mai farin doki ya nuna akwai babban mutum a ciki, ko aƙalla babban yaron wani babba. Matsalar ita ce masu dalilin ƙin Juan sun yi yawa. A 1496 mahaifinsa ya naɗa shi babban kwamandan sojojin Coci, yana saurayi marar gogewa, ya tura shi ya ƙwace garuruwan gidan Orsini, ɗaya daga cikin manyan gidajen sarautar Rum. Ya kasa cin Bracciano, sannan Orsini suka fatattake shi a Soriano a Janairun 1497. A cikin wannan watan ne shugaban gidan, Virginio Orsini, ya mutu a kurkuku a Naples, kuma danginsa sun ɗora alhakin a kan Fafaroma. A yaƙin Soriano an kama Guidobaldo, basaraken Urbino, wanda ya yi yaƙi a ɓangaren Juan, aka bar shi ya nemi kuɗin fansarsa da kansa. Giovanni Sforza, mijin Lucrezia ƙanwar Juan, ya gudu daga Rum a wannan shekarar domin ana matsa masa ya yarda a warware auren bisa hujjar cewa bai iya kusantar matarsa ba, abin da ya ɗauka cin mutunci ne. Ana raɗe-raɗin Juan yana neman Sancia, matar ƙaninsa Jofré. An kuma ambaci wani basarake, Antonio Maria na Mirandola, wanda gidansa ke kusa da inda aka jefa gawar, aka ce Juan yana bin 'yarsa. Mako guda kafin kisan, Fafaroma ya yanko Benevento da Terracina da Pontecorvo daga ƙasar Coci ya ba shi, abin da ya ɓata wa mutane da yawa rai. A zaman majalisar na 19 ga Yuni Fafaroma da bakinsa ya wanke Giovanni Sforza da Jofré da basaraken Urbino, ya kuma ce ba ya zargin Kadinal Ascanio.

Sunan da kowa ya fi sani a yau, wato Cesare, ba ya cikin waɗanda aka fara ambata. Zargin cewa shi ya kashe ɗan'uwansa ya fara bayyana a rubuce ne a farkon 1498, wajen wata 8 bayan kisan, kuma daga Venice ya fito, ba daga Rum ba. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne abin da ya faru daga baya: a watan Agustan 1498 Cesare ya ajiye muƙamin kadinal, a 1500 ya hau kujerar kwamandan da Juan ya bari, a shekarar kuma aka shaƙe mijin Lucrezia na biyu bisa umarninsa, sannan a ƙarshen 1502 ya yaudari kwamandojinsa da suka yi masa tawaye zuwa Senigallia ya sa aka kashe su. Wanda ya san wannan duka yana waiwayar 1497 sai ya ga kamar amsar a fili take. Masana tarihi da dama na wannan zamani sun fi karkata ga gidan Orsini, ni ma can na fi karkata, saboda suna da jinin da suke bi, suna da mutanen da za su aika, kuma dakatar da binciken ya fi dacewa da mai laifin da Fafaroma ba shi da ƙarfin taɓawa a lokacin. Amma wannan rinjayen zato ne, kuma haka ya kamata a kira shi.

Yanzu ga kartar ita kanta. Tarot kati 78 ce. Guda 56 sun kasu gida huɗu, kofuna da tsabar kuɗi da takubba da sanduna, kowane gida da kati 14. Wannan tsari ba Turawa suka fara shi ba, domin karta ta shiga Turai ne a shekarun 1370 daga ƙasashen Musulmi, kuma a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul akwai kartar zamanin Mamluk na Masar mai kofuna da kuɗi da takubba da sandunan wasan folo. Abin da Italiyawa suka ƙara shi ne katuna 22 masu hotuna: Fafaroma, Sarki, Sarauniya, Adalci, Mutuwa, Wata, Rana, Wawa da sauransu. Rubutu mafi daɗewa da ya ambace su ya fito daga Florence a 1440. Aikinsu a wasa shi ne su rinjayi sauran katuna, babba ya cinye ƙarami. Wasa ne na fada da na gari, kuma har gobe ana buga shi a Faransa da Ostiriya ba tare da an haɗa shi da duba ba. Fitacciyar kartar da ta rage daga wancan ƙarni, wadda aka yi wa ado da ruwan zinariya, an zana ta ne a tsakiyar ƙarni na 15 don gidan Francesco Sforza mai mulkin Milan, wanda shi ne mahaifin Kadinal Ascanio, kuma ɗan'uwan kakan Giovanni mijin Lucrezia. Guda 74 daga cikinta sun tsira, suna rarrabe tsakanin New York da Bergamo. A 1505 kuma, a littafin kuɗin fadar Ferrara, inda Lucrezia take aure a lokacin, an ambaci kartar tarot.

Batun duba ya zo ne bayan shekara 300 da 'yan kai. A 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa katunan ragowar wani littafin hikima ne na limaman tsohuwar Masar, alhali ba shi da hujja ko guda, kuma a lokacin babu mai iya karanta rubutun Fir'aunoni, sai a 1822 Champollion ya buɗe hanyar karanta shi, ba a kuma sami tarot a ciki ba. Wani mai duba a Faris da ya kira kansa Etteilla ya ɗauki maganar ya tsara wa kowane kati fassara. Kartar da aka fi gani a yau a hannun masu wannan harka an buga ta ne a Landan a 1909, Pamela Colman Smith ta zana ta bisa tsarin Arthur Edward Waite. Don haka fassarar da mai shimfiɗa kati yake karanta wa Juan Borgia, mutanen Faris da Landan ne suka tsara ta, ƙarnoni bayan ƙasa ta rufe masa ido.

Mu gwada abin da ka ga ana yi, mu bi shi a hankali. An cakuɗa, an zaro kati uku: na farko dalilin kisan, na biyu wanda ya aikata, na uku abin da aka ɓoye. Akwai hanyoyi 456,456 da kati uku za su iya fitowa a jere daga cikin 78, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya fi wani kusanci da gaskiya, domin hannun da ya cakuɗa ne kawai ya jera su. A ce a wurin mai laifi an sami Jarumin Takubba, mahayi da takobi a zare. Wanda ya zo da Cesare a ransa zai ce ga shi nan, ya manta cewa a 1497 Cesare kadinal ne mai jar riga, bai taɓa jagorantar runduna ba. Wanda ya zo da Orsini zai ce ai gidan mayaƙa ne. Haka Giovanni Sforza da Guidobaldo, dukansu sojoji ne. A ce Masoya ne suka fito a wurin dalili. To wace mace ke nan, Sancia ko 'yar Mirandola ko Lucrezia da aurenta? A ce kuma Wata ne ya fito a wurin abin da aka ɓoye, mai fassara zai ce duhu da yaudara da fuskar da ba a gani ba, kai kuma gabanka zai faɗi don ka tuna mai rufaffiyar fuska. Amma Burchard ne ya gaya maka labarin wannan mutum tun kafin ka taɓa kartar. Da Hasumiya ce ta fito, ko Mutuwa, ko Adalci, da haka za ka ji sun dace, domin babu kisan gilla a gidan mulki da ba a samun waɗannan a cikinsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna wannan. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa takardu ya ce kowa bayanin halinsa ne na musamman, ya nemi su ba bayanin maki daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3, alhali takarda iri ɗaya ce ya raba wa kowa, cike da maganganun da suka dace da kusan duk mai rai. Fassarar katunan tarot haka aka gina ta, da faɗi, don ta shiga kowace irin rayuwa. Abin da ya fi damuna ba wai kati zai yi kuskure ba ne. Abin damuwar shi ne faɗuwar gaban da mutum yake ji idan hoto ya yi daidai da zatonsa, domin wannan jin yana kama da jin wanda ya gano wani abu, kuma daga ranar ba zai ƙara karanta hujjar da ta saɓa masa da zuciya ɗaya ba.

Masu cewa tunani kawai suke yi suna da 'yar gaskiya a wuri guda: hoton da ya faɗo ba zato yana iya tilasta wa mutum tambayar da bai yi niyyar yi ba. Idan katin Sarauniya ya sa ka tuna cewa Juan ya bar mata a Sifaniya, María Enríquez, 'yar dangin Sarki Ferdinand, da 'ya'ya ƙanana, ka tambayi abin da fadar Sifaniya ta rasa ko ta samu da mutuwarsa, to tambayar mai kyau ce. Sai dai darajarta ba daga katin ta zo ba, kuma amsarta tana cikin wasiƙu. Jerin tambayoyin da kowane ɗalibin tarihi yake koya, wa ya amfana, wa ke da iko, wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, zai kai ka can ba tare da ya sa maka jin cewa an yi maka ishara daga wani wuri ba.

Inda katunan suke da amfani na haƙiƙa shi ne idan ka daina cakuɗawa, ka nemo hotunan kartar gidan Sforza, ka zaɓi wanda za ka duba da idonka a buɗe. Ɗauki katin Ratayayye. Saurayi ne an rataye shi da ƙafa ɗaya, kansa a ƙasa, hannuwansa a baya. Littattafan masu duba na yau suna fassara shi da sadaukarwa da haƙuri da sabon hangen rayuwa. Mutumin Rum na 1497 ba haka zai gan shi ba. A biranen Italiya akwai al'adar zana maci amana a bangon gari a rataye ta ƙafa don a kunyata shi idan ya gagari kamu, kuma an taɓa yi wa Muzio Attendolo, kakan Kadinal Ascanio, irin wannan zane a Rum saboda ya sauya ubangida a fagen yaƙi. Katin yana nuna maka al'ummar da cin amana ya zama ruwan dare a cikinta har aka tanadar masa hoto, kuma mutunci a bainar jama'a ya zama abin da ake zubar da jini a kansa. Da wannan za ka fi fahimtar nauyin abin da aka yi wa Giovanni Sforza, ka kuma fahimci cewa jefa kwamandan Coci a inda ake zubar da shara ba ɓoye gawa kaɗai ba ne, wulaƙanci ne da aka nufi mahaifinsa da shi.

Sai katin Juyin Rabo. An zana mace an ɗaure mata idanu a tsakiyar wata babbar ƙafar keke, mutum huɗu suna kewaye da ita. Mai hawa yana cewa zan yi mulki. Na ƙoli, wanda aka sa wa kunnuwan jaki, yana cewa ina mulki. Mai gangarowa yana cewa na yi mulki. A ƙasa kuma wani tsoho mai farin gemu yana rarrafe, ƙafar keken a gadon bayansa, yana cewa ba ni da mulki. Wannan ba annabci ba ne game da Juan, wa'azi ne da 'ya'yan sarakuna suke riƙewa a hannu suna wasa. Amma ya bayyana yadda gidan Borgia yake ganin lokaci. Mulkin Fafaroma ba a gadonsa, yana ƙarewa da numfashin mai shi, kuma Alekzanda ya haura shekara 65 a lokacin. Shi ya sa yake gaggawar tara wa ɗansa ƙasa da muƙami, gaggawar kuma ita ta tara wa yaron maƙiya. Da Fafaroman ya mutu a 1503, ikon Cesare bai daɗe ba ya rushe.

Akwai kuma abin da rashinsa a cikin kartar yake koyarwa. Katunan cike suke da sarakuna da jarumai da sarauniyoyi, kuma mai tunani da su zai yi ta zagaya tsakanin manya. Amma mutum biyu aka kashe a wannan dare, na biyun shi ne baran da aka ce ya jira awa guda, wanda ba a tara masunta 300 dominsa ba. Gawawwaki ɗarin da Giorgio ya ambata, ko da ya yi ƙari a lissafin, sun fi kowane kati bayyana halin da Rum take ciki a ƙarƙashin wannan Fafaroma, kuma a ganina maganarsa ita ce mafi nauyi a cikin labarin gaba ɗaya.

Ba zan tsallake ɓangaren addini ba, domin na san yana cikin abin da ya sa ka yi tambayar. Aya ta 65 a Suratun Namli ta ce babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta dare 40 ba, kuma malamai sun bayyana cewa ɗan duban da ake nufi ya haɗa da mai da'awar sanin wanda ya yi sata ko inda ɓataccen abu yake, wato abin da ya riga ya wuce amma ya ɓoyu. Tambayar kati wa ya yi kisa ta faɗa cikin wannan kai tsaye, ko kisan na jiya ne ko na shekara 500. Cocin Katolika ita ma ta hana mabiyanta duba kowane iri. Canza wa abin suna zuwa tunani ba ya canza shi idan a can cikin zuciya ana jiran katin ya faɗi wani abu. Kallon tsohon zane don sanin tarihin masu shi wani aiki ne daban, kuma ba ya bukatar ka mallaki karta ko ka zari kati.

Mu a nan ba baƙin wannan matsala ba ne. An sha ganin gidan da aka yi sata ko aka yi rashi ba zato, a tafi wurin mai bugun ƙasa, ya ce wani ne na kusa, dogo, mai shiga gidan, a dawo a ɗora wa wanda dama ake zargi, zumunci ya lalace har jikoki. Ba a banza ake cewa zato zunubi ba. Mutanen 1497 sun yi nisa da cutarwarmu, ko da yake su ma suna da haƙƙin kada a yanke musu hukunci da abin da ba hujja ba. Amma masu wannan ɗabi'a ba sa tsayawa a kan matattun da suka daɗe. Suna gangarowa kan kisan da iyayen mamacin suna raye, waɗanda ake zargi suna zuwa kasuwa, kuma kati ɗaya da aka fassara a bainar jama'a ya isa ya jefa marar laifi cikin bala'i. Wannan kam ina roƙonka kada ka kusance shi, kada kuma ka yaɗa na wasu.

Idan kisan Juan ya kama zuciyarka, ga aikin da nake ba ɗalibai. Ka ja layi huɗu a takarda: wanda ya yi magana, ranar da ya yi ta, garin da yake, da ubangidan da yake yi wa aiki. Ka sa Burchard a sama, domin yana cikin fadar a makon da abin ya faru. Ka biyo da jakadun Milan da Florence da Venice da Ferrara, kana lura cewa jakadan Milan yana da dalilin kare gidan Sforza, kuma labarin da ya fito daga Venice ya fito ne daga garin da maƙiyan Borgia suke samun mafaka. Marubutan da suka zo bayan 1503, irin su Guicciardini, ka sa su a ƙasa, domin sun rubuta ne bayan sun ga abin da Cesare ya zama. Sannan ka ɗauki kowane wanda ake zargi ka tambaya ko ya dace da abubuwa uku da aka gani da ido: mutumin da Juan ya amince da shi har ya goya shi a bayansa da dare, mahayin da ake yi wa ladabi a bakin kogi, da binciken da uba mai kuka ya dakatar da kansa. Na ukun shi ne ya fi wuyar warwarewa, kuma a kansa ne masu zargin Cesare da masu zargin Orsini suka rabu, kowa yana cewa shirun Fafaroma hujjarsa ce.